'Yata kurma ce kuma tana son jami'a: ina zan kai ta, wa zai ɗauke ta aiki?

Tambaya daga wani Alhaji mazaunin Agege, mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12: 'Yata ta yi sanƙarau tana shekara 5, ta warke amma ji ya tafi. A makarantar kurame ta Surulere ta yi firamare, bana ta gama sakandare da kiredit 6, sai dai Turanci ya kayar da ita. Ta nace sai ta karanta akanta a jami'a. 'Yan'uwa suna cewa in saya mata keken ɗinki in aurar da ita, wai ko ta yi digirin ba mai ɗaukar kurma aiki. Ina ya kamata in kai ta, kuma gaskiya ne ba za ta sami aiki ba?

Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka, kai ma ya saka maka da ka tsaya tambaya kafin ka yanke hukunci. Koyar da kurame da yi musu tafinta shi ne aikina a nan Legas, don haka zan gaya maka abin yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa.

Za ta iya. Akanta aiki ne na ido da lissafi da natsuwa, kuma babu inda kunne ya shiga cikin daidaita littafin shiga da fita. Abin da ke kayar da kurame a manyan makarantu ba ƙwaƙwalwa ba ce. Magana ce ba ta isa gare su. Saboda haka a kowane mataki, daga cike fom har ranar da za ta zauna a ofis, abin da za ka riƙa tambaya shi ne ta wace hanya abin da ake faɗa zai iso wurinta, kuma wa zai biya kuɗin hanyar. Sunan makaranta da kyan gininta suna bayan wannan.

Mu fara da Turancin da ya kayar da ita, domin ba a ba da gurbin akanta sai da kiredit 5 da suka haɗa da Turanci da Lissafi. Kada ka ɗauka sakaci ta yi. A cikin jarrabawar Turanci ta WAEC akwai takarda guda sukutum da ke tambaya kan sautin kalmomi: wace kalma ce ƙarshenta ya yi amo ɗaya da wannan, a wace gaɓa ake danna murya. Irin waɗannan tambayoyi suna fitowa a JAMB ma. Yarinyar da ji ya bar ta tun kafin ta fara Turanci haddace su kawai take yi. Ga kuma ƙananan kalmomin Turanci da ɗafe-ɗafen da ke nuna lokaci, waɗanda yaro mai ji yake tsinta a rediyo da bakin titi ba tare da ya san yana koyo ba. Kurma sai an nuna masa kowanne da gangan, domin yaren hannu yana da nasa tsarin jimla dabam. Ta sake zama, ko NECO ko jarrabawar waɗanda suka riga suka bar makaranta, wadda aka fi sani da GCE, tunda makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu. Amma kada ka zuba kuɗi a darasin yamma na gama-gari inda malami zai juya baya yana rubutu a allo yana magana. Ka nemo mata malamin Turanci da ya iya yaren hannu, ko da sau biyu ne a mako, ya riƙa ba ta rubutu yana gyarawa da jan biro yana nuna mata dalilin kowane gyara. Wannan kuɗin ya fi kowane kuɗi da za ka kashe amfani, domin daga nan har ta yi ritaya da rubutu za ta riƙa hulɗa da malamai da shugabannin aiki.

Akwai wani abu da ya shafi 'ya'yanmu na Hausawan Legas musamman. A gida ana Hausa, a layi ana Yarabanci da Turancin buroka, a littafi Turanci, a makaranta yaren hannu. A cikin huɗun nan, na ƙarshen ne kawai yake shiga mata kai tsaye ba tare da wahala ba, kuma galibi shi ne babu wanda ya iya a gidan. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, don haka ba ku kaɗai ba ne. Sai dai ka san cewa nunin da kuke yi mata a gida na “zo ki ci abinci” da “kawo ruwa” ba shi ne yaren da ta yi karatu da shi ba. Wanda ake amfani da shi a makarantun Najeriya ya samo tushe daga yaren kuramen Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Maganar hannu ta kuramen Kano da kewaye kuwa tsohon yare ne mai zaman kansa, da nasa kalmomi. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce maka akwai ɗan'uwa a Zangon Agege da ya iya magana da kurame, a ɗauke shi tafinta. Yana iya zama gwanin hira da su a shago, amma lacca kan haraji sai wanda ya koyi yaren makaranta, ya kuma san darasin.

Na san za a ce maka ai tana karanta leɓe. Tana yi, tunda ta fara magana kafin ciwon, kuma wannan riba ce. Amma ka tsaya gaban madubi ka ce “baba”, ka ce “mama” ba tare da murya ba, ka ga ko akwai bambanci. A Turanci, abin da ake iya gani a leɓe bai wuce kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na sautuka ba, sauran cike gurbi ne da hasashe. Da mahaifiyarta a tsakar gida wannan ya isa. A ɗakin lacca bai isa ba. Haka na'urar ƙara ji: ka kai ta sashen kunne na asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH da ke Ikeja a yi mata gwajin ji a ba ku takardar sakamako, domin za a nemi takardar a wurare da yawa, kuma ita za ta nuna ko na'urar za ta amfana mata. Sanƙarau yakan lalata can cikin kunne, wani lokaci har wurin ya ƙanƙare ya zama ƙashi, shi ya sa ba kowa na'ura ko dashen na'urar ji a cikin kunne yake yi wa aiki ba. Ko ga wanda take yi wa, na'urar tana ƙara ƙarar fanka da janareta tare da muryar malami.

Bari in nuna maka yadda lacca take ga kurma idan babu tanadi. Ɗalibai ɗari uku ko fiye a zaure, malami yana can gaba da makirufo yana kai da kawo. Ya ce a buɗe shafi kaza, kowa ya buɗe, ita sai ta leƙa littafin na kusa da ita. Ya faɗi abin dariya, zaure ya ɗauka, ita ma ta yi murmushi don kada a gane. Yana tattara takardunsa zai fita ya ce gwajin Alhamis ya dawo Talata, da baki kawai. Ranar Talata ta shigo ta tarar ana raba takarda. Irin wannan ne yake tara wa ɗalibi kwasa-kwasan da zai maimaita, har a ƙarshe a ce masa ya bar makaranta, a rubuta cewa ya kasa. An kai shi bakin rijiya ne aka hana shi guga.

To ga yadda take idan akwai tanadi. Tana zaune a layin gaba. Tafinta yana tsaye gefen allo inda haske yake faɗa masa a fuska, yadda za ta ga shi da allon a kallo ɗaya, sanye da riga marar zane don hannunsa ya fito. Malamin ya ba shi bayanan darasin tun jiya, sun zauna da ita sun amince kan alamar da za su yi wa kalmomin akanta da ba su da alama sananniya. Saboda ido ba ya iya kallon tafinta yana kallon takarda, wani ɗalibi yana rubuta mata bayanan, ta ɗauki hotonsu da waya bayan an tashi. Idan laccar ta awa biyu ce tafintoci biyu ne, suna karɓar juna duk bayan minti 20 zuwa 30, domin bayan haka hannu da kai suna gajiya, fassara ta fara zubar da rabin magana. Kowace sanarwa kuma tana shiga zauren WhatsApp na aji a rubuce. Ba wani abin al'ajabi a ciki. Tsari ne da albashin mutum biyu.

Wuraren da aka san su da wannan tsari a kusa da mu guda biyu ne. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, ita ce matattarar ɗalibai kurame mafi girma a ƙasar nan, kuma tafinta a aji abu ne na yau da kullum a can. NCE take bayarwa, wato takardar shaidar malanta, daga nan ɗalibi ya shiga jami'a a aji biyu. Sai Jami'ar Ilorin, wadda take da cibiya ta musamman mai tallafa wa ɗalibai kurame da tafintoci, kuma kurame suna karanta fannoni dabam-dabam a can, ba koyarwa kaɗai ba. Jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero ta Kano suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman, wato akwai malamai da ɗaliban da suka iya yaren hannu a harabar. A ra'ayina, tunda akanta take so, Ilorin ta fi cancanta ku fara dubawa. Oyo hanya ce mai kyau ga wanda yake son koyarwa, amma ina da ƙorafi kan yadda muke tura kowane kurma aikin malanta kamar babu wata sana'a a duniya. Makarantun kurame nawa ne za su ɗauke su duka?

Idan kuma hankalinka bai kwanta ta yi nisa ba, ga jami'ar UNILAG a Akoka, ga jami'ar LASU a Ojo, ga kwalejin fasaha ta Yabatech. A nan sai ka taka da ƙafarka, kai da ita, ku je ofishin kula da harkokin ɗalibai da ofishin shugaban sashen akanta. Kada ka tambaya ko suna karɓar kurame, kowa zai ce e. Ka tambaya tafintoci nawa ne a kan albashin makaranta, a wane sashe suke, kuma akwai kurma da yake aji uku ko huɗu yanzu da za ku iya gani. Wannan ɗalibin shi zai gaya mata gaskiya cikin minti goma, a yarensu. In ya zama ku ne za ku biya tafinta, ka yi lissafin shekara huɗu tun yanzu, ka kuma nemi iyayen wasu kurame da ke sashe ɗaya ku raba nauyin. Manhajojin waya masu mayar da magana rubutu, irin Live Transcribe na Google, suna taimakawa idan mutum ɗaya ne yake magana kusa da wayar a wuri marar hayaniya, misali a ofishin malami. A babban zaure, da malamin da zai fara jimla da Turanci ya ƙare ta da Yarabanci, shirme suke rubutawa.

Maganar takardu ba ta da tsawo amma tana da muhimmanci. Wajen rajistar JAMB a nuna a fom cewa kurma ce, kada a ɓoye don kunya, domin da wannan ne za ta nemi a ba ta umarnin ɗakin jarrabawa a rubuce. Tun 2017 hukumar take da kwamiti na musamman kan masu nakasa. Ta yi katin LASRRA na mazauna Legas, ta yi rajista da LASODA, ofishin jihar mai kula da masu nakasa da ke Ikeja. Sannan ka je gida ka karɓo mata takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarku. Tallafin karatu na jiha 'yan asalin jiha ake ba, aikin gwamnatin tarayya ma da jihar asali ake rabon gurbi, don haka yaran da aka haifa a Agege sukan faɗa tsakani idan ba su riƙe takardun ɓangarorin biyu ba. Akwai kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati.

In ta shiga makaranta, ka tabbata tana da mutum biyu ko uku da za ta iya aika wa saƙo a kowane lokaci, cikinsu har da mace babba da ta iya yaren hannu. Masu mugun nufi suna ganin yarinya kurma ba za ta iya kai ƙara ba, kuma lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, kira ne na murya.

Yanzu batun aiki. 'Yan'uwanka ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, samun aiki yana yi wa kurma wuya fiye da mai ji. Amma ka san a ina ake faɗuwa? A kiran waya. Kamfani ya ga takardunta sun yi, ma'aikaci ya buga lambar sau biyu ba a ɗauka ba, ya wuce zuwa suna na gaba. Don haka a saman takardar neman aiki, kusa da lamba, ta rubuta cewa saƙon tes ko WhatsApp ko imel kawai. Idan aka gayyace ta intabiyu, a nan ne za ta amsa a rubuce ta ce ita kurma ce, za ta zo da tafinta, ko kuma a ba ta tambayoyin a kwamfuta ta amsa a rubuce. Mai ɗaukar aiki ya fi sakin jiki da wanda ya zo masa da mafita a hannu. Kuma don Allah, Alhaji, ranar intabiyu kada kai ko yayanta ku shiga ku yi mata magana. Na sha zama a irin wannan ɗaki: shugaban kwamiti ya dube ni ya ce “tambaye ta ko ta iya Excel”, ni kuma in fassara maganar yadda ya faɗe ta, ita ta dube shi ido cikin ido ta ce a kawo kwamfuta. Da uba ne a kujerata, da ya amsa mata ya ƙara da roƙon a taimaka saboda Allah, shi ke nan an mayar da neman aiki neman sadaka.

Doka tana bayanta, gwargwado. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa, ta sa tarar naira 1,000,000 kan kamfanin da ya nuna bambanci, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ita ce ta haifar da hukumar masu nakasa ta ƙasa a 2020. Legas ta riga tarayya, tun 2011 take da tata dokar, wadda ta ce duk mai ma'aikata 100 ya ware aƙalla kashi 1 cikin 100. Sai dai dokar ba ta zuwa gida ta ƙwanƙwasa ƙofa. Waɗanda suke cin moriyarta su ne waɗanda sunansu yake cikin rajistar LASODA kuma suke cikin ƙungiyar kurame ta ƙasa, NNAD, reshen Legas, domin idan ma'aikata ko kamfani ya tashi cike gurbin, yana iya aikawa can a turo masa sunaye. Ta shiga ƙungiyar tun tana ɗaliba. Labarin aiki a tsakanin kurame a wayoyinsu yake yawo, kafin ya fito a jarida sun gama sani.

Abin da ya fi digiri buɗe ƙofa shi ne wani ya taɓa ganin aikinta. Lokacin koyon aiki na ɗalibai da shekarar bautar ƙasa su ne damar. NYSC tana sassauta wa masu nakasa wajen zaɓen jihar da za su yi hidima, don haka tana iya neman Legas, ta yi sansanin mako 3 a Iyana-Ipaja, ga shi kusa da gida. Ku dage a tura ta inda ake aikin akanta na gaske, ko da ƙaramin ofishin masu binciken kuɗi ne, maimakon inda za a ce ta riƙa zuwa sa hannu a ƙarshen wata don tausayi. Kafin nan ma, ga kasuwarku. Dilolin Mile 12 nawa ne suke riƙe lissafin tirela guda a ka da bayan kwali? Ka ba ta littafin shagonka a lokacin hutu ta mayar da shi kwamfuta, ka biya ta kamar yadda za ka biya bare. In ta fara jarrabawar ƙwararru ta ƙungiyoyin akantoci, ICAN ko ANAN, daga baya, ta riga ta san yadda kuɗi yake tafiya a hannun mutane. Ɗinki kuwa ba abin rainawa ba ne, ta koya in tana so, aure ma ba ya hana karatu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zaɓa mata don an gaji da tunanin yadda za a yi da ita.

Samun aikin rabi ne. Na ga kurame da suka shekara da shekaru a kujera ɗaya, waɗanda suka koya wa aiki sun zama shugabanninsu, saboda ba a kiran su taro, ba a tura su kwas, ba wanda ya gaya musu an buɗe jarrabawar ƙarin girma. Abin da wurin aiki yake buƙatar yi ba shi da tsada: a ba da umarni a rubuce, a raba ajandar taro kafin a zauna da bayanin abin da aka yanke bayan an tashi, a riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, a kunna rubutun ƙasan allo idan taron na Zoom ne, a ɗauko tafinta ranar horo da ranar tantance ma'aikata. Teburinta ya fuskanci ƙofa don kada a riƙa dafa ta ta baya. Ƙararrawar gobara ta zama mai walƙiya, a kuma sa mutum takamaimai da zai sanar da ita in an ce a fita. Wasu masu masana'antu suna da wata al'ada ta tura kurame ɗakin injin da ya fi ƙara, wai ba abin da zai dame su. Ƙarar tana cinye ɗan sauran jin da mutum yake da shi, kuma wanda ba ya jin motar ɗaukar kaya tana tahowa ta baya ya fi kowa shiga haɗari a wurin. Albashi kuma ya shiga asusunta, da katinta da lambar sirrinta a hannunta, ba a hannun wani ɗan'uwa mai “taya ta ajiya” ba.

Duk abin da za ta nema, a makaranta ko a ofis, ta nema a rubuce: kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan nata, ko ta aika ta imel. In aka hana ta tafinta a jarrabawa, ko aka janye tayin aiki bayan an gano kurma ce, za ta kai ƙara LASODA ko hukumar masu nakasa ta ƙasa ta hannun ƙungiyarsu, kuma abin da za su fara tambaya shi ne wannan kwafin.